Ina da shekara 41 banki ya sallame ni: in koma yaron shago ko in sayi adaidaita?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta hirarku ban taɓa sa baki ba, yau dai abu ya sha min kai shi ya sa. Shekara 13 na yi ina aiki a wani banki nan Kano, a kan kanta nake ina karɓar kuɗi ina biya, kuma duk tsawon shekarun nan ma'aikacin kwantiragi ne ni ba a taɓa tabbatar da ni ba. Wata uku da suka wuce aka kira mu mu shida aka ce ana rage ma'aikata, wallahi ko la'asar ba a yi ba aka karɓi katin shaidata. Mata ɗaya, yara huɗu, gidan haya. Na sayar da motata, in na haɗa komai da komai abin da ke hannuna bai cika miliyan huɗu ba kuma kullum raguwa yake. Na kai takarduna wurare da yawa, ko'ina matasa 'yan ƙasa da 30 suke nema.

Yanzu hanya biyu ce a gabana. Ko in sayi adaidaita na hannu in ba wani yana kawo min balas, ko kuma in bi ƙanin wani abokina da ke haɗa sola, ya ce in zo in koya wata shida, ba albashi sai kuɗin mota da abincin rana. Raina ya fi kwantawa da solar. Amma yaron nan shekararsa 26, ina tuna lokacin da nake ba shi kuɗin alewa in na je gidansu. Yanzu ni zan riƙe masa tsani yana aikena? Kuma Alhazawan da suke layi a gabana suna ce min Yallaɓai, gobe su gan ni a saman kwano? Don Allah wanda ya taɓa canza sana'a da girmansa ya faɗa min gaskiya kar a ɓoye min komai.

Ummu_Khalil:
Wa alaikumus salam. Allah ya musanya maka da mafi alheri Baban Ilham, Allah ya rufa asiri.

Sani_Rijiyar_Lemo:
Yaya ni dai adaidaita nake ja sama da shekara goma kenan, zan faɗa maka abin da na sani. Da ɗan acaɓa ne ni, har watan Janairun 2013 da aka kai wa Sarki Ado Bayero hari gwamnati ta hana goyo a babur a cikin Kano, dare ɗaya muka zama ba mu da sana'a, shi ne na koma adaidaita. In za ka saya ka ja da kanka to ba laifi za ka ci abinci. Amma in wani za ka ba, kuma na hannu, kuma ba ka san inji ba, ina tausaya maka. Yau ya ce taya, gobe ya ce kulos, jibi ya ce ai an yi ruwa babu fasinja, kai kuma ba ka da yadda za ka gane gaskiya da ƙarya. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 direba sai ya fara cire kuɗin mai kafin ya tuna da balas ɗinka. Ba wai ina zagin 'yan uwana ba ne, akwai masu amana sosai, amma mai amanar yana da ubangida tuni ba zai bar shi ya zo wurinka ba.

Dan_Kakuri:
Maganarka ta tuna min da mahaifina Allah ya jiƙansa. A masaƙa ya yi aiki a Kaduna shekara sama da ashirin, shi ne mai kula da sashe guda, mutane da yawa a ƙarƙashinsa. Wanda ya san Kakuri a da ya san me nake nufi, in aka tashi daga aiki kekuna ne ke cika titi ba masaka tsinke. Daga wajen 2002 zuwa 2007 manyan masaƙun nan suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Baba ya zauna jira, kullum yana cewa za a buɗe, kullum suna taron tsofaffin ma'aikata. Wani abokinsa da suke sashe ɗaya shi kuwa wata biyu kawai ya yi ya tafi Panteka ya tsuguna wajen masu walda yana koyo, mutane suna ta magana wai kamar shi. Yau yaransa ne ke riƙe da shagon, suna ƙera injin niƙa da ƙofofi. Baba kuma har ya rasu akwai wata tsohuwar rigar aikinsa mai ruwan toka da yake sa a goge ta a rataye bayan ƙofa. Ban taɓa ganin laifinsa ba, mutum ne mai mutunci, amma jiran nan shi ya cinye shi. Ka tafi ka riƙe tsanin ɗan uwa.

Abu_Sumayya:
Ni fa gani nake gode wa Allah ya kamata ka yi da ya raba ka da aikin riba. Duk abin da ka samu yanzu ko kaɗan ne zai fi albarka.

Hajiya_Mai_Turare:
Haba Malam Abu Sumayya. Mutum ya zo da damuwa yana neman shawara, yanzu ne lokacin wannan maganar? Ka san halin da ya shiga ya karɓi aikin? Ka ma san wane banki ne?

Abu_Sumayya:
Hajiya ba da mugun nufi na faɗa ba wallahi, ƙarfafa masa gwiwa nake yi. Kuma in har banki yake son komawa ai akwai na Musulunci yanzu, Jaiz tun 2012 yake aiki, ga TAJ ma ya zo a 2019, ya gwada kai takardunsa can tunda yana da gogewa.

Baban_Ilham:
Ba komai Hajiya, na fahimce shi. Malam na gode. Gaskiya ni kaina ban ƙara sha'awar zaman kanta ba ko a ina ne, shekara 13 ina fita bayan asuba ina dawowa bayan isha'i, Ilham har ta shiga JS1 ban taɓa kai ta makaranta da kaina ba.

Pensho_Desk:
Kafin a yi nisa, akwai haƙƙinka da ban ji ka ambata ba. In dai kamfanin da ya ɗauke ka kwantiragi yana zuba maka fansho a asusunka, dokar fansho ta 2014 ta ce wanda ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba kuma ya yi wata huɗu bai samu wani ba, zai iya cire kashi 25 cikin 100 na abin da ke ciki. Kai wata uku ka ce, saura ɗaya kenan. Ka je ofishin kamfanin fanshonka da takardar sallama, su fara buga maka bayanin asusun ka duba ko duk watannin an zuba, don nan ne ake samun matsala. Sau ɗaya ake cirewa, sauran sai ka kai 50, don haka kar ka ɗauka ka zuba a abin da ba ka sani ba.

Baban_Ilham:
Wallahi na manta da wannan gaba ɗaya alhali ni nake faɗa wa mutane. Allah ya saka da alheri.

Khalifa_Tech:
Yallaɓai me zai kai ka hawa kwano kana da digiri? Ka koyi nazarin bayanai a kwamfuta kawai, ka riga ka iya Excel ai. Ga shirin 3MTT na koyar da fasahar kwamfuta da gwamnatin tarayya ta fara a ƙarshen 2023 kyauta ake koyarwa, ko a YouTube ma za ka koya kana ɗakinka, in ka ƙware kana gida za a dinga biyanka da dala.

Injiniya_Bello:
Khalifa kai nawa ka karɓa da dalar zuwa yanzu? Ba gatse nake maka ba tambaya ce. Don na san yara da yawa da suka gama kwas ɗin nan suna da satifiket amma aikin farko ya gagara. Harkar gaskiya ce ana samu, amma tana son shekara ɗaya ko biyu kana koyo kana nema ba ka kawo komai gida, ga data ga wuta. Saurayin da ke cin tuwon gidansu zai iya. Mai yara huɗu da kuɗin haya fa?

Khalifa_Tech:
Na fara samun ƙananan ayyuka Injiniya, ba da yawa ba dai. Na yarda da maganar lokacin. Amma ko solar zai yi ya riƙe kwamfutar a gefe da daddare, ba asara ba ce.

Injiniya_Bello:
To wannan na yarda. Baban Ilham bari in yi maka maganar sola tunda ita nake ci nake sha. Kasuwar nan ta buɗe ne da abu biyu, fetur da ya tashi daga ƙasa da naira 200 ya haura 500 bayan jawabin Tinubu na 29 ga Mayun 2023, da kuma kuɗin wutar 'yan Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta a rana, da aka kai naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024. Daga nan mai kemis, mai sayar da ruwan sanyi, mai cajin waya, masallatai, makarantun islamiyya, har manoman rani na wajen Kura da Kadawa da ke ban ruwa da injin fetur, kowa ya fara tambayar fanel ɗin sola.

Amma ka san inda yawancin yaranmu suke faɗuwa? Ba a ɗaure fanel ba ne, wannan sati uku ka iya. A lissafi ne. Mutum zai ce maka fanka biyu ne kawai da ƙwan fitila shida da talabijin, yaro ya haɗa masa daidai wannan, ana tafiya uwargida ta jona firiza da dutsen guga, wata biyu batir ya mutu a ce kai ne macuci. Dole ka shiga gidan da kanka ka duba wat nawa kowane abu yake ja, awa nawa ake kunna shi, sannan ka san inbata ɗin da zai ɗauka, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, mai volt 12 ne ko 24 ko 48, batir mai ruwa ne da sai ana duba ruwansa ko lityum, kaurin waya nawa, fanel ya kalli kudu kuma ka gaya musu lokacin hunturu sai ana goge ƙura in ba haka ba caji zai ragu. Sannan ka rubuta duk wannan a takarda mai gida ya sa hannu. Yanzu faɗa min, tsakanin kai da ka yi shekara 13 kana daidaita lissafi har kwabo kafin ka tashi, da yaron da ya bar makaranta a SS2, wa zai fi iya wannan? Alhazawan da kake jin kunyarsu kuwa su ne jarinka, mutumin da ya saba miƙa maka miliyoyi ta taga bai taɓa ganin ka ci masa ko sisi ba shi ne zai yarda ya ba ka kuɗin kaya. Ni abin da nake tsoro ɗaya ne, jiki. Rana a saman kwano a watan Afrilu ba wasa ba ce, kuma batir mai ruwa nauyi gare shi sosai. Ka je a duba hawan jininka tukuna.

Malama_Zee:
Ni ta ɓangaren gida zan yi magana. Baban Ilham, Maman Ilham ta san komai kuwa? Ta san nawa ya rage? Ina tambaya ne don yayana da aka sallama wata biyu yana saka kaya da safe yana fita kamar mai zuwa ofis, ashe masallacin unguwar gaba yake zuwa ya zauna har azahar. Ranar da matarsa ta ji a bakin wasu, rashin aikin bai ɓata mata rai kamar ɓoyewar ba.

Ni kaina malamar makarantar kuɗi ce da, shekara tara ina koyar da lissafi. Da korona ta zo a Maris ɗin 2020 aka rufe makarantu, mu kuma in yara ba su biya ba babu albashi, watanni muna zaune. Da tukunya ɗaya na fara dambun nama ina sawa a status, ranar farko roba huɗu na sayar, biyu ma ƙannena ne suka saya. Abin da ya fi min ciwo ranar da na kai saƙo wani gida yarinyar da ta buɗe ƙofa ɗalibata ce, ta ce laa Anti ke ce mai dambu? Na dawo gida na yi kuka sosai. Washegari uwar yarinyar ta kira ta yi odar na biki. Da aka buɗe makarantu ban koma ba, amma kar in yi maka ƙarya har yau in na wuce na ji yara suna bitar jadawalin sau sai na ji wani abu a ƙirjina. Kewar tsohon aiki ba ta tafiya duka.

Baban_Ilham:
Malama ta sani, ranar da abin ya faru na faɗa mata. Ita ce ma take cewa in je wajen yaron. Mahaifiyata ce ban faɗa wa ba har yanzu, tana da hawan jini kuma da ni take alfahari a cikin dangi.

Hajiya_Mai_Turare:
Ka je da kanka ka faɗa wa Hajiya kafin ta ji a gidan suna. Uwa ce, addu'arta kake buƙata yanzu fiye da shawararmu duka.

Alh_Dawanau:
Ni shawarata daban. Kuɗin nan ka sayi hatsi da kaka ka ajiye, masara ko waken suya ko riɗi, zuwa bazara ka fitar. Ba hawa kwano ba rigima da direba.

Dan_Kakuri:
Alhaji da girmanka amma waɗanda suka ajiye masara a kakar 2024 fa? Gwamnati ta ɗage harajin shigo da abinci, 2025 farashi ya yi ƙasa, mutane nawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya? Ku da kuke ciki kuna da ƙarfin jurewa, shi kuɗin cefanen yaransa ne.

Alh_Dawanau:
Gaskiya ne an sha kashi a wannan shekarar, ni ma na taɓu. Kasuwa ce. To ya sa kaɗan dai kar ya sa duka.

Kaka_Modu_Mdg:
Daga Maiduguri nake bin zancen nan. Mu nan abin da ya same ka ya samu ɗaruruwa lokaci ɗaya, da Amurka ta dakatar da tallafinta a farkon 2025 ƙungiyoyin agaji suka yi ta sallamar mutane, direbobi, masu gadi, ma'aikatan lafiya, masu shigar da bayanai irina. Abin da na lura da shi, waɗanda suka fi shan wuya su ne waɗanda suka ƙi rage rayuwa da wuri, gida mai tsada, makarantar yara mai tsada, ana ta cin ajiya ana jiran sabon kwantiragi. Ni wata na biyu na canza wa yarana makaranta, na ji kunya amma shi ya ba ni numfashi. Yanzu POS nake yi a bakin kasuwa da ɗan cajin waya. Ba na ba ka shawarar POS ba fa, ya yi yawa, a layinmu kaɗai mu bakwai ne, ribar da aka samu lokacin canjin kuɗi a farkon 2023 ta wuce. Kawai ina cewa duk wanda za ka zaɓa, ka zauna da Madam ku ware kuɗin haya na shekara da abincin wata shida ku ɗauka babu su, abin da ya saura shi ne jarinka na gaskiya.

Malam_Na_Gwale:
Ɗana, kunyar da kake ji ba girman kai ba ne, ɗabi'a ce, kowa zai ji. Amma ka tuna Annabi Dawud alaihis salam da sarautarsa daga aikin hannunsa yake ci. Gemu ba ya hana ilimi. Abu ɗaya zan ƙara, ku yi magana da yaron a gaban yayansa tun yanzu: wata nawa, me zai koya maka, in ka kawo kwastoma nawa ne naka, in ka tashi buɗe naka ba za a ce ka ci amana ba. Zumunci da yawa ya lalace a kan abin da aka ji nauyin faɗa a farko. Kuma a wurin aiki ka kira shi da sunan da yaransa suke kiransa, in kun koma gida ya dawo ƙaninka.

Sani_Rijiyar_Lemo:
Malam ya gama magana. Amma ni har yanzu ina ganin wata shida ba ko sisi da yara huɗu akwai wuya. Da zai iya jan adaidaitan da kansa daga magariba zuwa goma ko na haya ne, da ya rage zafi.

Injiniya_Bello:
Sani wanda ya wuni a rana yana ɗaga batir ba zai iya tuƙi da daddare ba, kar ya je ya yi hatsari da mutane.

Sani_Rijiyar_Lemo:
To ranar Lahadi fa? Ni zan iya nuna masa hannu in yana so.

Baban_Ilham:
Salam 'yan uwa, ku yi haƙuri kwana biyar ban leƙo ba. Na je na faɗa wa Hajiya. Ta yi shiru ta daɗe, sannan ta ce dama tun azumi ta ga na rame, ta sa min albarka. Ranar Asabar kuma na bi su aiki wani gida a Na'ibawa, fanel takwas. Ni na riƙe tsanin, ni na miƙa sukurudireba, sau biyu ina miƙa abin da ba shi aka ce ba, yaran ba wanda ya yi dariya. Shi ogan nasu ya kasa aikena, sai ya ce wa wani yaro ka ce wa Yaya ya miƙo kaza, har na ja shi gefe na ce ya daina, in zai koya min ya koya min sosai. Da rana muka zauna a inuwar katanga muka ci shinkafa da wake a leda ɗaya, hannuna duk ya yi baƙi ya kumbura wajen yatsu. Da mai gidan ya zo biya sai na ga a bayan kwalin inbata suke rubuta lissafi, na karɓa na tsara musu a waya na tura masa, ya kalle ni ya ce kai a ina ka yi aiki? Na faɗa masa. Ya ce to Allah ya taimaka, ya karɓi lambata.

Ban yanke hukunci ba tukuna gaskiya, maganar Sani ta wata shida tana raina, kuma daren nan bayana bai bar ni na yi barci ba. Maganar zama a gaban yayansa mun sa Juma'a bayan masallaci. Injiniya wane irin takalmi kuke sawa a saman kwano? Nawa na ofis santsi yake yi.

Injiniya_Bello:
Kambas mai ƙasan roba, ka duba 'yan gwanjo a Kofar Wambai za ka samu mai sauƙi. Ka dinga taka kan layin ƙusa inda katako yake, kar ka taka tsakiyar kwano. Hawan jinin fa, ka je an duba?

Baban_Ilham:
Ban je ba tukuna. Gobe in sha Allah.

Malama_Zee:
Ka sayi safar hannu ma. Kuma bayan nan a gasa maka da ruwan ɗumi kafin ka kwanta.